Haɗin da Ba Ya Ci Sai a Hannuna

Mutumin da ya fara yi mini magana a ƙasar Faransa, cutata ya yi. A tashar jirgin ƙasa ta Pari ne. Ina tsaye gaban injin sayar da tikiti, akwati a hannu ɗaya, a ɗayan jakar da Inna ta cusa wa kilishi da yaji da garin kuka, na rasa inda ake dannawa. Sai ga wani baƙar fata irina cikin kwat mai kyau, ya kira ni ɗan'uwa, ya karɓi kuɗin hannuna, ya danna nan ya danna can, ya miƙo mini tikiti har da dafa kafaɗa. Na yi ta zuba godiya. Sai da jirgi ya yi nisa mai duba tikiti ya nuna mini cewa takardar nan wani ya riga ya yi tafiyarsa da ita tun jiya. Na ce ai ɗan'uwana ne ya saya mini. Ya ce yaya sunan ɗan'uwan? Na biya tara, na zauna ina kallon gonakin mutane kore shar ta taga, ina tambayar kaina yadda aka yi ɗan Kurfai, ƙanen dillali guda, ya bari aka yi masa wayo tun bai sha ruwan ƙasar ba.

Sunana Tahiru, ni ne auta a ɗakinmu. Ƙauyenmu a ƙasar Kurfai yake, tafiyar hantsi ce a amalanken jaki daga Filinge. Na yi lakkwal, wato firamare, a Filinge, na yi lise, wato sakandare, da jami'a a Yamai, na karanta shimi, wato ilimin haɗa sinadarai. Shekarar da soja suka kawar da gwamnatin tazarce, shekarar da aka sha wuyar hatsi a wajenmu, wani farfesa a arewacin Faransa ya yarda in zo in yi digirin dokta a labo ɗinsa, wato ɗakin bincike. Gwamnati ta yi mini alkawarin bursi, wato kuɗin karatu, amma da aka canja mutanen buro, ma'aikatan ofishin, maganar ta shiga rijiya. Farfesan ne ya ɗauki nauyina daga asusun labo, kuma duk shekara sai ya sa hannu kafin a sabunta mini katin zama. Ke nan zamana a ƙasar a bakin alƙalaminsa yake. Tsoho muke ce masa a bayan idonsa.

Garin da jami'ar take ba shi da aiki sai ruwan sama, ruwan da ba ya jiran damana, ba kuma wanda ke murna da shi. Ɗakina a gidan ɗalibai, in na miƙe hannuwa sai in taɓa bango biyu. Abin da ya fi sanyi damuna shi ne gaisuwa. Ni na saba in tsaya in tambayi kwana da gajiya da iyali, su kuwa kafin in kai ga gajiya mutum ya sha kwana. Na ɗauka fushi ake yi da ni, na yi ta lissafin abin da na yi wa mutane. Tsoho kaɗai ke bi tebur tebur kowace safiya yana ba kowa hannu, ni kuma in kama nasa da hannu biyu in rusuna, shi ya yi ta ƙoƙarin ƙwace abinsa. Akwai wata Marta, 'yar ƙasar Polan, ta riga ta gama dokta tana aiki a labo. Ba ta dariya, ba ta hira. Ranar da ta gan ni ina kakkarwa cikin rigar shadda, washegari ta ajiye mini wata rigar ulu mai kauri a kan kujera, ta ce ta mijinta ce, ya yi ƙiba. Kafin in buɗe baki ta koma wajen aikinta.

Ga aikin yadda na bayyana wa wana Gado a waya. Magunguna da yawa, irin na hawan jini, a cikinsu akwai zobba biyu na karbon da aka ƙulla da juna. Zobban nan ba sa haɗuwa don kansu ko shekara za ka yi kana dafa su tare. Sai an jefa musu wani ƙarfe mai suna faladiyom, ɗan mitsitsi, ya kamo wannan ya kamo wancan ya ƙulla su, ya sake su ya je ya kamo wasu, shi kuwa ba ya ƙarewa. Gado, da yake dillalin awaki ne a kasuwar Filinge, ya ce ashe abokin sana'arsa ne, sai dai wannan ba ya cin la'ada. Na ce yana ci mana, tun kafin ya fara aiki, don a tsada da zinariya ake jera shi, kuma in ya gama sai an sha wuya an tsame shi daga maganin. Masana sun daɗe suna gyara wannan haɗi. Duk shekara sai wani ya fito da sabuwar riga, wato wani sinadari da ake lulluɓe ƙarfen da shi don ya ƙara kuzari, har abin da da sai an dafa shi da wuta mai ƙarfi ya koma yana ƙulluwa cikin ruwan ɗumi. Ban daɗe da isa ba ma aka ba waɗanda suka fara wannan fanni babbar kyautar duniya, labo ya cika da shewa kamar 'yan'uwansu ne.

Burin Tsoho shi ne a sallami faladiyom a sa baƙin ƙarfe a gurbinsa, irin wanda maƙeranmu ke yin hauya da shi. Aikina in ɗinka wa baƙin ƙarfe riguna, ɗaya bayan ɗaya, in gwada ko zai ƙulla zobban. Kullum abu ɗaya ne. Ka ɗauko balon, wata kwalba mai zagayen gindi, ka auna garin wannan da na wancan, ka zuba ruwan haɗi, ka kori iska daga ciki, ka tsoma gindin cikin mai mai zafi. Sannan akwai wani ɗan maganaɗisu da aka lulluɓe da farar roba, bai fi ƙwallon dabino ba, ana jefa shi ciki ya yi ta juyawa yana motsa haɗin. Ni maburgi nake ce masa. Washegari ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan wani farin faranti, ka duba ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. In ka ga sabon tabo, zobba sun ƙullu. Duk tsawon sanyin nan ban ga tabo ko ɗaya ba. Ina fita da duhu-duhu in dawo da duhu-duhu, kukar Inna ta ƙare, na koma cin taliya da yaji, ina kewar gida har ƙirjina na ciwo.

Wani abin da na kasa sabawa da shi shi ne zubar da kaya. Safar hannu a sa sau ɗaya a jefar. Kwalba lafiyayya a jefar. Ni da na tashi inda gwangwanin tumatir ke zama ma'auni, tsohuwar taya ta zama takalmi, abin yana sosa mini rai. Da wata ɗaliba ta gama karatunta ta share teburinta, na leƙa kwandon shara na tsinci fensira, da almakashi, da maburgai uku. Sun ɗan yi toka-toka, amma ba abin da ya same su. Na wanke su da sabulu, na ɗauraye da ruwan wankin kwalabe, na ga sun fi sababbin daɗin aiki, don su masu tumbi ne, suna juyawa sumul a gindin balon, sababbin kuwa miƙaƙƙu ne, sai su yi ta tsalle. Na jefa su aljihun farar rigata ta aiki. Duk wanda ya yi kwanan lise a Yamai ya san cokalinka a aljihunka yake zama, in ka ajiye a tebur ya zama na jama'a.

A cikin kwanakin nan na gama ɗinka wata riga da na sa wa rai ƙwarai, na sha wuyarta. Na haɗa balon, na yi bisimilla, na tafi. Da safe na sa faranti ƙarƙashin fitila, sai ga tabo, ƙato, yana sheƙi. Na goge idona. Na sake ɗigawa, yana nan. Na kai wa babban injin da ke karanta sifar sinadari, ya ce zobba sun ƙullu. Na maimaita, ya ci. Na canja zobban, ya ci. Na yi abin da aka koya mana, na haɗa wasu balon a gefe babu baƙin ƙarfen, wasu babu rigar, don a tabbatar su ne ke aikin, waɗannan kuwa ba su ba da komai ba. Da na kai wa Tsoho, ya cire tabarau ya mayar, ya cire ya mayar, sannan ya ce in abin nan ya tabbata, sunana zai shiga littattafai. Wallahi ranar ban san ta inda na bi na koma ɗaki ba.

Nan da nan na yi farin jini. Akwai Juliyan, ɗalibin da ya girme ni a labo, wanda a da ko kallo ban ishe shi ba. Sai ga shi yana jana cin abincin rana, yana kirana abokina, yana tuna mini wata shawara da ya ce ya taɓa ba ni a bakin matakala. Ni ban tuna ba, amma kunya ta hana ni musu, sunansa ya hau kan rubutun da muke shiryawa, kusa da nawa. Ran kasuwa na kira gida, don ranar ce Gado ke shigowa Filinge ya yi cajin waya, Inna kuma ta biyo shi da faya-fayan da take saƙawa. Na ce musu Allah ya buɗa, aikin ya ci. Ban ce a yi shela ba, amma wa ya isa ya rufe bakin dillali? Kafin la'asar rumfar mai shayi da masu awaki da mahauta duk sun ji cewa ƙanen Gado ya koya wa Nasara yin magani da ƙarfen hauya. Inna ta yi sadakar fura.

Tsoho ya ce kafin a fitar da rubutun sai wani hannu ya maimaita. Juliyan ya karɓi garina da rigata da ruwan haɗina, ya bi yadda na tsara, bai sami komai ba. Ya sake, babu. Marta ta gwada a teburinta, babu. Na koma na haɗa da kaina, tabo ya fito raɗau. Daga nan kaina ya ɗaure. Muka canja kwalaben sinadari, muka canja man dafawa, muka canja wuri. Nawa ya ci, nasu ya ƙi. Na tsaya kan Juliyan ina nuna masa yadda nake karkata balon, har yadda nake girgiza cokalin awo, ya yi daidai, ya tashi a banza. Na gaya wa Gado, ya ce, "Mi ya ruɗa ka? Hannunka na. Albarkar Inna ta. Ka hwaɗa musu su zo su gaishe ta." Na yi dariya, amma in faɗi gaskiya, maganar ta zauna mini. Ni da na karanta shimi shekara da shekaru, sai ga ni na haɗa balon da gangan ba bisimilla, don in gani ko ita ce. Ya ci. Na yini ina istigfari. Na gwada da hannun hagu, ya ci. Na daina shafa man kaɗe ko shi ne ke shiga, ya ci. Da ma ya ƙi ci sau ɗaya, da na sami abin kamawa.

Wata safiya Tsoho ya zo zagayen gaisuwa, ya ba na dama da ni hannu, ya ba na hagu, ya wuce ni. Hannuna biyu suna miƙe a iska. Can ya aiko in same shi a buro. Ashe ya ɗebi haɗina a ɓoye ya aika an auna, an sami faladiyom a ciki, kaɗan ƙwarai, amma ya isa ya yi aikin. A na Juliyan da na Marta babu.

"Tahiru," ya ce, "faladiyom ba ya tashi sama ya faɗa cikin balon. Wani ne ke sa shi. Ka gaya mini yanzu, tsakanina da kai."

Na rantse da Allah, na rantse da kabarin mahaifina. Ya ce shi rantsuwa ba ta cikin abin da yake iya aunawa. Ya ce ya san halin da nake ciki, ba bursi, gida ana yunwa, mutum na iya matsuwa ya yi abin da bai dace ba. Wannan tausayin ya fi zagi zafi. Ya ce katin zamana zai ƙare da kaka, kuma ba zai sa hannu a kan abin da bai gane ba. In har lokacin ba bayani, dole ya kai maganar gaban hukumar jami'a a matsayin ƙaryar sakamako. Washegari aka sa wa kabad ɗin faladiyom kwaɗo, kowa na da mabuɗi ban da ni.

Juliyan ya cire sunansa daga rubutun tun kafin rana ta faɗi, ya kuma bi mutane yana cewa shi tun farko abin bai kwanta masa ba. Amma ya zo mini da shawara, cikin murya mai taushi. Ya ce in ce wa Tsoho mahaifiyata ba lafiya, in tattara in koma gida, magana ta mutu ba hukuma ba tonon asiri. Na ƙi kallon fuskarsa don kada in mare shi, amma shawarar ta bi ni har ɗaki. In na tafi shiru, a Filinge ba wanda zai sani, sai dai Tsoho zai mutu yana ɗaukata maƙaryaci. In na tsaya ban sami bayani ba, za a rubuta a takarda cewa ni maƙaryaci ne, ta bi ni har Yamai. Abin da ya fi ba ni tsoro, na fara zargin kaina. Ko ina sawa ban sani ba? Ko kaina ya taɓu? Na kan tsaya in zuba wa yatsuna ido kamar na wani. Duk damanar nan in na kira gida sai in ce lafiya lau, in tambayi ruwa da shuka, in kashe.

Marta ce ta tare ni a bakin famfon wanke kwalabe. Ta ce ita ba ta gaskata ni ba, ba ta kuma ƙaryata ni ba, abin da ta tsana shi ne abin da ba ta gane ba. Ta ce gobe zan haɗa a teburinta, da kayanta, ita kuma ba za ta ɗauke ido daga hannuna ba ko da ƙiftawa. Haka aka yi. Ta ba ni sabon balon daga kwali, ta ba ni safar hannu da kanta, ta ja kujera ta zauna har ina jin numfashinta. Na auna gari, na zuba ruwan haɗi. Sai na sa hannu aljihu yadda na saba, na ciro maburgi. Caraf ta riƙe mini wuyan hannu.

"Mene ne wannan?"

Na ɗauka laifin tsintar kayan labo za a ƙara mini. Na ce ba sata na yi ba, a shara na same su, an riga an zubar. Ta tambaya ko da su nake aiki kullum. Na ce uku ne kawai, ba sa isa, don haka balon da na fi sa wa rai su nake ba, sauran na gefe, na gwaji, in ba su sababbi daga aljihun tebur. Ina faɗa ina jin maganar tana shiga kunnena kamar wani ne ke yin ta. Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta nuna mini jikin robar, duk ƙananan tsage ne, cikinsu baƙi. Ɗalibar da ta zubar da su shekarunta duka da faladiyom ta yi aiki, ya shige cikin tsagen ya zauna, sabulu ba ya fitar da shi. Marta ta yi wata doguwar magana da harshensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce.

Ta sa ni na zauna a kan kujera, hannuwana bisa gwiwa, ta ce in na motsa za ta ɗaure ni. Ita da kanta ta haɗa balon biyu. Na farko ta sa baƙin ƙarfena da rigar da na sha wuyarta da sabon maburgi. Na biyu ba ƙarfe, ba riga, ba komai nawa sai tsohon maburgin. Ta rufe su, ta liƙa takarda a bakinsu ta sa hannu, ta je ta gaya wa Tsoho ya zo da safe ya buɗe da kansa. A sallolin ranar na roƙi abin da ban taɓa zaton ɗan Adam zai roƙa ba. Na ce ya Allah ka sa wanda babu aikina a ciki ya ci, ka sa nawa ya ƙi. Ina roƙo ina jin kamar ina yi wa gonata addu'ar fari, amma ban fasa ba.

Da safe Tsoho ya yage takardun, ya ɗiga da hannunsa, muka sunkuya mu uku a kan fitila. Layin baƙin ƙarfena fayau, ba komai. Layin tsohon maburgi, ga tabo nan ƙato yana sheƙi, wanda na sani kamar fuskar ɗan'uwa. Tsoho ya ɗago daga kan fitilar. Sannan ya tambaye ni inda na samo abin, na ce kwandon shara. Ya ce don me? Na ce bai lalace ba. Ya zauna a kan kujerar Marta ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na motsi, har yau ban san dariya yake ko wani abu ba.

"Ba ka yi ƙarya ba," ya ce da ya ɗago. "Na zalunce ka, kuma zan faɗa a gaban kowa. Amma ka gane ba ka gano komai ba? Shekara guda ta tafi. Daga farko za ka soma."

Na ce na gane.

"To murmushin me kake yi?"

Aikin da na ɗora wa raina ya mutu a gabana, sunana ba zai shiga littafin kowa ba, ni kuwa ji nake kamar an sauke mini buhun hatsi daga ka. Ya cika alkawari, ya tara labo ya faɗa, ya sa hannu a takardar katina, ya kafa doka cewa duk mai aikin baƙin ƙarfe sabon maburgi zai buɗe kowane gwaji. Juliyan ya zo zai fara wani bayani, na ce masa ina da wanki.

Ran kasuwa na fita bayan labo inda ba hayaniya na kira Gado. Ina jin kukan awaki da muryar masu ciniki a bayansa. A lokacin soja sun riga sun miƙa mulki, ya fara ba ni labarin siyasar gari, na katse shi. Na ce abin nan da na ce na gano, ashe ba haka ba ne, dattin wani ƙarfe ne ya ruɗe mu, ya taimaka ya gaya wa mutanen da ya gaya wa. Ya ce, "Yanzu so kake in koma rumhwar mai shayi in ce ƙarya na yi?" Na ce ba ƙarya ba ce, Yaya, kuskure ne. Ya ce a kasuwa ba a san bambancinsu ba. Muna cikin haka na ji Inna na cewa ya ba ta.

"Auta, wanga abu da ya ɓaci, na mutane na ko naka?"

"Nawa ne, Inna."

"Sun ce ka ci amanarsu?"

Ban taɓa gaya mata ba. Na ce da sun ce, amma yanzu sun janye, babban ma ya ba ni haƙuri a gaban jama'a. Sai dai zamana zai ƙaru, ba zan dawo lokacin da na ce ba.



"Na san da abu," ta ce. "Tun hwarkon damana kake ce mini lahiya lau da muryar wani. Yau dai na ji ɗana. Bar shi ya ɓaci."

Ta miƙa wa Gado wayar ba ko sallama. Kafin ya kai ta kunnensa na jiyo wata mata ta taya faifai, Inna ta ce mata albarka, muryarta na rawa.